Manajan 'Yan Tsaki a Saman Bene

Akwai waɗanda Allah Ya ba ilimi, akwai waɗanda Ya ba dukiya. Shi kuwa mutumin da zan ba ku labarinsa baki aka ba shi, aka cika masa mudu har yana zuba. A layinsu an manta sunansa na yanka, Nasani ake ce masa, domin ko zancen tiyatar ƙwaƙwalwa ka ɗauko, kafin ka kai aya zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani, ai na taɓa yi." Ya taɓa gyaran rediyo, rediyon ya koma abin tokare ƙofa. Ya taɓa koya wa wani tuƙi, har gobe katangar gidan man ba ta miƙe ba.

Ciki da falo suke haya a saman wani bene, shi da matarsa Maman Biyu da tagwayensu. Kitson da take yi wa mata a falon shi ke riƙe da gidan, shi kuma maigida yana riƙe da bayani. Mai benen tsohon ɗan sanda ne da kowa ke kira Saje, yana zaune a ƙasa shi da wani ƙaton muzuru da ya raɗa wa suna Kofur. Dokar Saje ɗaya ce: ba a ajiye dabba a gidansa, ban da Kofur, shi ma don ma'aikaci ne. Tun ranar da sabulun da Nasani ya haɗa ya cinye fentin baranda, Saje ya ja masa kunne cewa kuskure ɗaya ya rage masa ya kwashe komatsansa. Maman Biyu ta san ɗaki irin wannan, ga famfo a ciki, ga makarantar yara a bayan layi, ga masu zuwa kitso sun san hanya, in ya kuɓuce musu ba za su sake samun kamarsa ba. Shi ya sa take lallaɓa tsohon, tana gaishe shi har ƙasa safe da yamma.

Ana nan sai wani kamfanin gona ya yi shelar neman manajan sashen kaji. Nasani ya ari kwat a wurin telan layinsu, ya je. Wanda ya yi masa intabiyu wani siririn mutum ne mai jan taye. Ko kallon takardunsa bai yi ba, abin da ya yi wa Nasani daɗi ƙwarai, don shi ma ba ya son a kalle su.

"Mu nan ba takarda muke dubawa ba, hannu muke dubawa," in ji mai jan taye. "Akwai ɗan gwaji. Za ka tafi da 'yan tsaki gida ka raine su. Ranar da suka isa yanka ka dawo mana da su, mu ga irin hannunka."

"Abincinsu fa, yallaɓai? Da magani?"

Mutumin ya zare tabarau ya dube shi sama da ƙasa. "Manaja ne ke tambayar inda abinci zai fito? Ai gwajin ke nan."

"Na sani," Nasani ya yi maza ya ce. "Gwada ku nake yi."

Aka loda masa kwalaye a tasi, shi ya biya direba. Da ya iso gida ya tarar da Saje a kan benci a bakin ƙofa, Kofur na kwance a gindin ƙafarsa.

"Kai Nasani, mene ne ke kuka a cikin kwalin nan?"

"Kayan ofis ne, Baba Saje. Na'urori ne na zamani, in suka ji zafin rana sai su riƙa ƙara."

"Na'ura ce ke wari haka?"

"Sabuwa ce, ba a wanke ta ba tukuna."

Saje ya ƙyale shi ya wuce. Amma Kofur ya tashi ya yi miƙa, ya bi kwalayen da ido har saman bene yana lasar baki.

A falo Maman Biyu na tsakiyar yi wa wata ma'aikaciyar banki kitso. Nasani ya dire kwalayen ya buga ƙirji.

"Ki taya ni murna, na zama manaja!"

"Alhamdu lillahi! Albashi fa?"

"Yana tafe."

"Ofis fa?"

"Ga shi nan." Ya buɗe kwali ɗaya.

Ta leƙa, ta ga kawuna rawaya sun cika kwalin suna kallonta. Ta yi wa baƙuwarta murmushi, ta ja hannun mijin zuwa uwar ɗaka ta rufe ƙofa.

"Baban Biyu, aiki aka ɗauke ka ko kiwo aka ba ka?"

"Gwaji ne. Duk manyan kamfanoni haka suke yi yanzu."

"Kamfani mai gini da motoci ya rasa inda zai ajiye kajinsa sai ƙarƙashin gadona? In tsohon nan ya ji, a titi za mu kwana, ni da kai da yara."

"Ba zai ji ba. Zan koya musu shiru."

Ya taɓa jin cewa 'yan tsaki na son ɗumi. Don haka ya juye su a tsakiyar ɗaki, ya ɗauko abin busar da gashi na matarsa, ya murɗa shi har ƙarshe ya saita su. Iska ta kwashe su kamar auduga. Wasu suka shige cikin takalma, wasu suka bi ta ƙarƙashin ƙofa suka malalo falo. Ma'aikaciyar banki ta ji wani abu na tafiya a kan ƙafarta, ta zabura ta suri jaka ta gangara matakala da rabin kitso. Sai da ta isa bakin titi ta buɗe jaka za ta biya mai tasi, ɗan tsako ya leƙo ya gaishe ta. Ba ta sake dawowa ba, ko don ɗankwalin da ta bari.

Kashegari Nasani ya duba ma'aikatansa ya ga sun yi dauɗa. Manaja kuwa ba ya zama da ƙazanta. Ya tara ruwan sanyi a baho, ya zuba man wanke gashi, ya yi musu wanka ɗaya bayan ɗaya, har da cuɗa. Kafin la'asar kusan rabi sun miƙe ƙafafu sama.

"Inna lillahi! Ka kashe wa mutane dukiya," in ji Maman Biyu.

"Tacewa na yi. Ragwaye sun fita, jarumai sun rage."

Duk da haka ya san kamfani zai ƙirga. Ya zagaya bayan tasha ya tarar da wani mai talla da kwandon 'yan tsuntsaye rawaya, araha kamar a kyauta. Bai tsaya duba baki ko ƙafa ba, ya kwaso ya cike giɓi, ya dawo yana yabon kansa da iya ciniki.

Daga nan gidan ya koma gona. Buhun shinkafar Maman Biyu ya fara ramewa. Burodin da ake ajiye wa tagwaye na makaranta ya riƙa ɓacewa. Kaji suka yi fukafukai, suka hau gado, suka hau talabijin, ɗaya ta mayar da hular maigida makewayi. Wari ya sauko matakala ya fita har titi. Masu zuwa kitso suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe mai amana da hankici ɗaure a hanci ta zo, ita ma da aka kai tsakiyar kai ta ce a bar shi haka, ta gode.

Ranar da abin ya fashe, Saje na zaune a bencinsa ya ga Kofur na saukowa daga bene a natse, da ƙafar kaza tana leƙowa daga bakinsa. Tsohon ya ɗauki kulkinsa ya hau sama yana haki. Ya tura ƙofa, kaza ta tashi ta sauka a kafaɗarsa.

"Waɗannan su ne na'urorin?"

Maman Biyu ta durƙusa, hawaye ya cika mata ido, don ta riga ta hango katifarsu a bakin titi. Shi kuwa Nasani, da yake bakinsa ya fi kansa sauri, sai ya washe haƙora ya ƙame.

"Baba Saje! Wallahi yanzu nake shirin saukowa wurinka. Kamfani ya ce in samo masa shugaban tsaro. Na ce su daina wahalar nema, ina da tsohon hannu, wanda in ɓarawo ya ji sunansa yake mayar da kayan da bai ma sata ba tukuna."

Kulkin ya ɗan sauko. Tun da Saje ya yi ritaya ba wanda ya sake sara masa, ba wanda ya sake neman shawararsa ko a kan ɓatan akuya, kuma abin yana cinsa a rai fiye da ciwon gwiwa.

"Da kaki?" ya tambaya a hankali.

"Da kaki, da mota, da yara a ƙarƙashinka. Sai dai akwai ɗan gwaji. Za ka sauka da wasu daga cikin kajin nan ka tsare su, kamfani ya ga irin hannunka."

"Abincinsu fa?"

Nasani ba shi da tabarau da zai zare, sai ya kanne ido ɗaya ya dube shi sama da ƙasa. "Shugaban tsaro ne ke tambayar inda abinci zai fito?"

Saje ya ji kunya, ya ƙame ya sara masa. Da hannunsa ya kwashi kaji ya sauka da su ɗakinsa, shi da ya kafa dokar hana dabba.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama layi cewa Nasani na rabon aiki. Mai aski ya rufe shago ya zo da takardar gama makarantarsa a cikin leda. Tela ya zo yana tuna masa cewa kwat ɗin da ya kawo sa'ar nasa ne. Nasani ya sa kujera a ƙarƙashin matakala, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa mutanen da suka san shi tun yana cin bashin sigari tambayoyi.

"Me ya sa kake son aiki da mu?"

"Yunwa," in ji mai aski.

"Amsa mai kyau. Mataimakin manaja. Kwashi naka."

Tela ya samu shugaban sashen walwala, shi ma ya kwashi nasa. Kowa ya tafi yana godiya, zai ciyar da kajin kamfani daga aljihunsa. Nasani ya hau sama ya miƙe a gado, ya ce wa matarsa abin da ake kira shugabanci ke nan.

Kowane ma'aikaci kuwa ya yi gwajin da iyakar saninsa. Mai aski ya ga kajinsa na haki da rana, ya ce suma ce ta yi musu yawa, ya sa inji ya yi musu tal-kwabo daga wuya har gadon baya. Tela ya ga na mai aski suna rawar sanyi, ya tsorata, ya ɗinka wa nasa 'yan riguna da ragowar yadin mutane, har da aljihu. Saje kuwa ya tsara sintiri. Kullum da safe sai ya jera kajin a tsakar gida ya yi musu fareti. Da ya ƙirga wata rana ya ga babu ɗaya, bai yi son kai ba: ya gurfanar da Kofur, ya karanta masa laifinsa, ya rage masa muƙami, ya kulle shi a banɗaki. Muzurun ya yi ta kuka, tsohon na zaune a bakin ƙofa yana share ƙwalla yana cewa aiki ba ya son sanayya.

Sai kuma waɗanda aka sayo a bayan tasha suka fara nuna hali. Bakinsu ya yi faɗi, yatsunsu suka haɗe, in suka ga bokitin ruwa sai su afka ciki. Mai aski ya kamo ɗaya ya kawo ofishin ƙarƙashin matakala.

"Manaja, wannan kazar tana iyo."

"Na sani. Sabon iri ne daga waje. An faɗaɗa bakin don su riƙa ci da sauri, an haɗe yatsun don kada su tone wa mutane shuka."

"To kukan fa? Kwak-kwak take yi."

"Yarensu ne. Ba su koyi na nan ba tukuna."

Mai aski ya koma yana jinjina kai, yana faɗa wa masu jiran aski irin nisan da kimiyya ta yi.

Maman Biyu kaɗai ce ba ta dariya. Ta tare mijinta a baranda ta rage murya.

"Baban Biyu, ka ji tsoron Allah. Tsohon nan ya fito da kakinsa daga akwati, kullum sai ya goge shi. Jiya na ji shi yana waya da 'yarsa yana ce mata ya koma aiki. Ranar da ya gane, ba gafara tsakaninmu da shi."

"Ranar da zai gane ai ina kan kujera. Da biro ɗaya zan ɗauke su duka."

Ranar mayar da kaji ta zo. Mai aski ya yi hayar motar ɗaukar kaya, a matsayinsa na mataimaki. Tela ya sa sabon ɗinki. Saje ya fito cikin tsohon kakinsa, maɓallan ciki na neman agaji, lambobin yabo na ƙyalli a ƙirji, takalmi kamar madubi. Rabin layi suka bi su don ganin yadda za a naɗa nasu. Maman Biyu ma ta sa mayafi ta bi, ba don murna ba, sai don zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Da suka isa, filin kamfanin a cike yake maƙil. Ko'ina maza ne cikin kwat, wasu hannun kwat ɗin ya wuce yatsu, wasu bai kai wuyan hannu ba, kowa na tsaye kusa da kejin kajinsa yana gumi.

"Manaja, su wane ne waɗannan?" tela ya tambaya.

"Ƙananan ma'aikata ne. Tarbata suka zo yi."

Wani mai furfura da ke gabansu a layi ya waiwayo. "Kai ma manaja ne? Sannu da zuwa. Ni tun bara nake manaja. Wancan mai hular ya riga ni, shi har ɗakin girkinsa ya rushe ya yi keji."

Nasani ya yi kamar da wani ake. Saje kuwa bai ji ba, don ya riga ya taka zuwa bakin ƙofa, ya ƙame a gaban wani matashin mai gadi.

"Shugaban tsaro ya iso. Tara min yara in duba su."

Mai gadin ya dube shi yana taunar cingam. "Baba, matsa gefe, mota za ta shiga."

Motar ta 'yan kasuwa ce. A tsakiyar fili mai jan taye na tsaye kusa da sikeli. Duk wanda ya kawo kajinsa sai a auna, a ce masa madalla, a miƙa wa 'yan kasuwa su loda. Ko ruwan sha ba a ba kowa ba. Da layi ya zo kan Nasani ya miƙa hannu da fara'a kamar tsohon aboki.

"Yallaɓai, ga ni na dawo."

"Wane ne kai? Buɗe mu gani."

Aka buɗe keji na farko, kaji masu aski suka fito tsirara suna ƙifta ido. Aka buɗe na biyu, masu riguna suka fito, ɗaya aljihunta ya maƙale a ƙusa. Fili ya ɗauki dariya. Aka buɗe na uku, sabon iri suka yi waje a guje suna kwak-kwak, suka bi ta tsakanin ƙafafun mai jan taye, suka faɗa cikin kwatamin ruwan ado da ke gaban ofis suka hau iyo.

"Wannan kuma mene ne?" mai jan taye ya daka tsawa.

"Sabon iri ne daga wa..."

"Agwagi ne!" wani ɗan kasuwa ya yi ihu daga kan mota. "Sun fi kaza tsada! A kamo su!"

Nan take fuskar mai jan taye ta sauya. Ya gyara tabarau ya ce, "Ka nuna basira. Madalla. Na gaba!"

Nasani ya juya ya dubi mutanen layinsu yana buɗe hannuwa, wato kun gani. Da a nan abin ya tsaya da ya sha. Amma sai ga Saje ya tako, ya buga ƙafa ya sara.

"Yallaɓai, shugaban tsaro ke ba da rahoto. An yi asarar kaza ɗaya a bakin aiki, an kama mai laifi, an hukunta shi. Ina jiran umarni."

"Shugaban me? Wa ya ɗauke ka?"

"Manaja." Ya nuna Nasani.

Mai jan taye ya kwashe da dariya har da riƙe sikeli. "Baba, wannan ai mai neman aiki ne kamar sauran. Shi kansa ba a ɗauke shi ba. Mu ba ma neman mai tsaro, kamfanin gadi muke haya."

Dariyar ta bazu har bayan layi. Wani ya kwaikwayi sarawar, wani ya ce a ba Baba kaza ɗaya ya yi mata fareti. Mai aski ya cakumi wuyan Nasani.

"Dusar da na saya fa? Motar da na ɗauko fa? Na kori masu zuwa aski don in yi wa agwagwa hidima!"

"Sake shi!" tela ya yi kururuwa. "Kwat ɗina kake yagawa! Kai kuma cire min kayana!" Ya tuɓe kwat ɗin daga jikin Nasani a gaban jama'a, sannan ya ruga ya ɗare motar 'yan kasuwa yana ƙwato 'yan rigunansa daga jikin kaji.

Saje bai yi ihu ba. Hannunsa da ke goshi ya sauko a hankali. Ya cire hular ya riƙe ta a ƙirji ya rufe lambobin, ya dubi Nasani da jajayen idanu.

"Ni ka sa na kulle Kofur a banɗaki," ya ce. Ya juya ya nufi ƙofa, yana jan ƙafar da ke masa ciwo.

Maman Biyu ta riƙo hannun mijinta.

"Bi shi. Yanzu, kafin ya kai titi. Ka durƙusa a gaban mutanen nan da suka yi masa dariya, ka ce ka yi ƙarya, ka nemi gafara. Na san tsohon nan, in aka mayar masa da girmansa a inda ya zube zai haƙura. In ya isa gida da wannan fuskar, mun rasa ɗakin."

Nasani ya dubi bayan Saje. Ya ji kunya ta gaske, irin wadda bai saba ji ba, har ya ɗaga ƙafa zai bi shi. Sai lasifika ta yi ƙara.

"Albishirinku, masu neman manaja! Dukkanku kun haye matakin farko. Kamfani ya buɗe sashen shanu, don haka mataki na biyu maraƙi ne. Ba su da yawa. Waɗanda suka fara zuwa, su ne za a san suna da jinin shugabanci."

Masu kwat suka ɗunguma kamar an buɗe ƙofar fursuna. Nasani ya dubi ƙofa, ya dubi garke.

"Baban Biyu," ta ce, "kada ka yi."

"Yanzu zan dawo. Ki ce masa ya jira ni." Ya zare hannunsa ya kutsa cikin turmutsitsin da 'yar singileti.

Ya samu maraƙin kuwa, har da gwiwar hannu ya sha a ido kafin ya kama igiyar. Ba mai tasin da ya yarda ya ɗauke su, don haka a ƙafa suka taho, wani wuri ya ja maraƙin, wani wuri maraƙin ya ja shi. Sai bayan la'asar suka shigo layi.

Daga nesa ya hango gadonsu a bakin titi, da talabijin, da tukwane. An sa sabon kwaɗo a ƙofar matakala. Saje na kan bencinsa da tsohuwar jallabiya, Kofur a kan cinyarsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Motar yayan Maman Biyu na tsaye, an gama loda kujerar kitso da madubi da akwatunan yara, tagwaye na zaune a gaba sun yi tsuru-tsuru.

Nasani ya ƙara sauri. Ya matso yana jan igiya.

"Maman Biyu, ina za mu?"

"Mu? Yaya ya ce ɗaki ɗaya gare shi. Ni da yara."

"To ni fa?"

Ta dube shi, ta dubi kumburarren idonsa, ta dubi maraƙin da ya riga ya fara cin gefen katifa. Ta hau mota ta ja ƙofa.

"Mun ga irin hannunka," ta ce ta taga. "Ka je, za mu kira ka."

Motar ta tashi. Nasani ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana. Mutanen layi sun yi cirko-cirko suna kallonsa, mai aski a ƙofar shagonsa, tela da tulin 'yan riguna a hannu. Shirun ya yi masa nauyi. Ya gyara tsayuwa, ya share gumi, ya yi gyaran murya.

"Kamfani ya ƙara min girma zuwa sashen shanu. Akwai mai neman aiki a cikinku?"

Mai aski ya jefo masa buroshi, tela ya yi tsaki, jama'a suka watse suna dariya. Sai wani baƙo da ke wucewa, mai tsabtatacciyar riga da takalmin da ya sha tafiya, ya tsaya. Ya waiga hagu da dama, ya matso kusa, ya rage murya.

"Yallaɓai, wane irin aiki ne? Ko mene ne zan yi."

Nasani ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa igiyar.